Hayaƙi ya ragu, daji bai warke ba: abin da ya kamata Maradi ta fara tun yanzu

Buhun takin ure mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23, wato sinadarin taki da ke sa tsiro girma da kore. Duk manomin Tibiri ko Gidan Rumji ya san wahalar da ake sha kafin buhu ɗaya ya isa gona. To a shekarun 1980, a kudancin ƙasar Holan, akwai dazuzzukan da azot fiye da kilo 50 ke sauka a kan kowace hekta duk shekara. Ba wanda ya saya, ba wanda ya watsa, daga sama yake zubowa tare da ruwa da raɓa da ƙura. Fiye da buhu biyu ke nan na ure, kyauta, shekara bayan shekara. Mai jin wannan a nan zai ce ai arziki ne. Ga daji kuwa cuta ce, kuma cutar da ba ta sakin jiki da wuri ko an daina shan gubar.

Matsayina shi ne: ƙasarmu tana buƙatar ƙarin taki, ba ragi ba, amma azot ɗin ya zauna cikin ƙasa, kada ya tashi sama. Kuma mu fara auna abin da ke sauka a kan dazuzzukanmu tun yana kaɗan. Dalilina yana cikin abin da Turai da Amurka suka gani bayan sun rage hayaƙinsu.

Azot ɗin da ke gurɓata iska iri biyu ne, kuma halinsu daban. Na farko yana fita daga wuta mai tsananin zafi: injin mota da babur, janareto, tashar lantarki, masana'anta. Wannan yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya sauka. Na biyu shi ne amoniya, warin nan mai hawa ka da ke tashi daga fitsarin dabbobi, kashin kaji, da ure da aka bari a fili. Kaso mai yawa na amoniya ba ya nisa, yana sauka kusa da inda ya tashi. Itatuwa kuma suna tace iska da ganyensu, shi ya sa abin da ke sauka a daji ya fi na fili, bakin daji kuma ya fi tsakiyarsa sha.

Da farko itatuwa sukan ji daɗi, su yi kore shar, su ƙara tsawo. Matsalar tana farawa ne idan azot ya wuce abin da tsirrai da ƙwayoyin ƙasa za su iya cinyewa. Rarar sai ta koma nitrat, wani nau'in azot mai narkewa a ruwa, komawar nan kuma tana saka ƙasa tsami. Nitrat ba ya manne wa ƙasa, ruwa ne ke tafiya da shi ƙasa, kuma ba ya tafiya shi kaɗai: yana jan kalsiyom da magneziyom da potasiyom. Idan tsami ya yi yawa sai alminiyom da ke ɗaure cikin ƙasa ya narke, ya ƙone ƙananan saiwoyi. Itacen da ke samun azot a sauƙaƙe yakan rage saiwa ya ƙara ganye, ranar da fari ya zo sai ya rasa abin jan ruwa. Akwai kuma zaren naman gwari da ke naɗe da saiwa, yana kawo wa itace ruwa da fosfor, itacen yana biyansa da sukari. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018 kan dazuzzukan Turai ya nuna cewa waɗannan abokan saiwa suna fara canzawa tun azot yana wajen kilo 5 zuwa 6 a hekta. Iyakar da masana Turai suka sanya wa yawancin dazuzzukansu tana wajen kilo 10 zuwa 15 a hekta a shekara, kusan rabin buhun ure.

A ƙarƙashin itatuwa ma ana yaƙi. Tsirran da suka saba da ƙasa maras ƙarfi ba sa iya gasa da ciyayi masu haɗama, waɗanda ke tashi da sauri su rufe musu rana. Mun san irin wannan a tsohon makwancin shanu: shekaru bayan garke ya tashi, tafasa da zaƙi-banza ne ke riƙe da wurin, ciyawar da take can da farko ba ta dawowa don kawai shanu sun tafi.

Turawa sun ɗauki mataki. An sa hannu kan yarjejeniyar gurɓatar iska mai ƙetare iyaka a Janeba a 1979, aka ƙara mata ƙarfi da yarjejeniyar Gotenbag a 1999. Amurka ta gyara dokarta ta tsabtar iska a 1990. Daga 1990 zuwa 2019, hayaƙin farar wuta, wanda shi ma ke saka ruwan sama tsami, a Tarayyar Turai ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100, azot na injuna ya ragu da fiye da rabi. Amoniya kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu kawai ta ragu, domin fiye da kashi 90 cikin 100 nata daga noma da kiwo take fitowa. Sanya matata a bututun mota ya fi sauƙi a kan canza yadda miliyoyin manoma ke ajiye kashin dabbobi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma namu azot ɗin galibi na dabba ne da taki.

To da aka rage, me daji ya yi? A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin sassan daji ba su warke tare ba.

Ruwa ne ya fara. A 1989 masu bincike a Holan suka gina rufi mai haske a ƙarƙashin itatuwa a dazukan Ysselsteyn da Speuld, a 1991 aka yi irinsa a Solling ta Jamus. Rufin yana tare gurɓataccen ruwan sama, sai a yayyafa wa ƙasa ruwa mai tsabta daidai adadin wanda aka tare. Cikin 'yan shekaru nitrat ɗin da ke tsiyaya ƙasa ya faɗi sosai. Wannan labari ne mai daɗi ga rijiya da ƙorama, kuma hujja ce cewa rage hayaƙi ba aikin banza ba ne. Gansakuka da ire-iren tsirran da ke manne a bawon itace, waɗanda daga iska suke ci, su ma sukan nuna sauyi da wuri.

Ƙasa kuwa ba ta sauri. Azot ɗin da ya taru shekara talatin ko arba'in yana nan ɗaure cikin ruɓaɓɓen ganye da ƙwayoyin ƙasa. Itace ya zuƙa, ganye ya faɗi, ya ruɓe, itace ya sake zuƙa. Abin da ke fita daga wannan zagaye a shekara kaɗan ne idan aka gwada da abin da ke ajiye. A arewacin Suwidin an koma wani daji da aka daina zuba wa azot, bayan shekara 9 ba a ga alamar tsirran ƙasa sun koma yadda suke ba. A wani dajin kuma, shekara 47 bayan dainawa, gansakukar da ke son azot tana nan da yawa, naman gwarin saiwa kuma bai kai na filin da ba a taɓa zuba wa komai ba. Shekara 47, yaron da aka haifa ranar da aka daina ya yi jikoki.

Mafi wuyar dawowa shi ne kalsiyom da magneziyom da ruwa ya wanke. Su daga narkewar dutse suke samuwa, dutse kuma a hankali yake narkewa, aikin gomman shekaru ne ko ɗaruruwa. A dajin Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire ta Amurka, inda aka fara gano ruwan sama mai tsami a nahiyar a 1963, hayaƙi ya ragu amma itatuwa ba su farfaɗo ba, domin ƙasar ta riga ta yi asarar kalsiyom mai yawa. A 1999 sai aka ɗauki jirgi mai saukar ungulu aka watsa garin wani dutse mai kalsiyom, fiye da tan ɗaya na kalsiyom a kowace hekta, a kan fili mai kusan hekta 12. Itatuwa suka amsa, girma ya dawo. Amma bayan kusan shekara goma sai nitrat ya ƙaru a ƙoramar da ke fita daga wurin, domin da tsami ya ragu ƙwayoyin ƙasa sun farka sun shiga cin tsohon ruɓaɓɓen ganye suna sakin azot ɗin da ke ciki. Jamusawa sukan watsa farar ƙasa wajen tan 3 a hekta a dazukansu, kuma su ma sun san wannan haɗarin. A dajin Veluwe na Holan ƙarancin kalsiyom ya kai har katantanwa ta ragu, ƙananan tsuntsayen da ke cin ɓawonta suka riƙa yin ƙwai mai ɓawo maras ƙwari. Daga bututun mota da garken alade zuwa ƙwan tsuntsu, sarƙar ɗaya ce.

Akwai kuma abin da ba ya dawowa sam sai an kawo shi da hannu. Tsiron da ya ɓace daga daji, idan irinsa ya mutu a cikin ƙasa kuma babu wani daji kusa da iska ko tsuntsu za su ɗauko shi, ya tafi ke nan. Ga shi yanayi bai tsaya jiran kowa ba: zafi ya ƙaru, fari ya yawaita, ƙwari sun canza. Dajin da ke tasowa bayan an rage hayaƙi wani daji ne daban, ba na kakanni ba. Masu nazarin abin suna cewa hanyar komawa ba ita ce hanyar zuwa ba, kuma gaskiya suka faɗa.

Jinkiri ma yana da farashin siyasa. A watan Mayu na 2019 babbar kotun gudanarwa ta Holan ta soke tsarin gwamnati na ba da izinin fitar da azot. Dubban ayyukan gini suka tsaya, manoma suka fito da taraktoci suka toshe hanyoyi, a 2020 aka rage gudun mota da rana zuwa kilomita 100 a awa. Ƙasar da ta bari dabbobi da taki suka taru ba tare da lissafi ba, daga baya sai ta koma tana sayen gonakin masu kiwo don ta rufe su.

Na san abin da mai karatu a Maradi zai ce: wannan ciwon masu ƙoshi ne. Jigawarmu rairayi ce, ruɓaɓɓen abu a cikinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, hatsi yana yin rawaya don yunwar azot, kai kuma kana maganar rara. Mai wannan magana yana da gaskiya babba. Lokacin taron Abuja na 2006 kan takin zamani, matsakaicin abin da ake zubawa a Afirka kudu da Sahara wajen kilo 8 ne a hekta, aka sa burin kilo 50. Tashar Banizumbu da ke gabas da Yamai, wadda ke auna abin da ke sauka daga sama tun shekarun 1990, tana nuna azot ƙasa da kilo 10 a hekta a shekara. Muna kuma da wata kariya da Turai ba ta da ita: ƙurar hunturu tana ɗauke da kalsiyom da potasiyom, tana kashe tsamin ruwan sama, tana mayar wa ƙasa wani abu duk shekara. Duk wanda ya ɗauko lissafin Holan ya ɗora wa manomin Mayahi ya ce ya rage taki, ya zalunce shi.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Banizumbu ƙauye ne a yamma, ba zai yi magana a madadin kudancin Maradi ba, inda jama'a suka fi cunkoso a duk karkarar Nijar, ga kuma Katsina da Kano a maƙwabtaka. A farkon damana iskar da ke kawo mana ruwa daga kudu maso yamma take busowa, ta kan gonaki da biranen Najeriya. A 2022 aka buɗe masana'antar ure ta Dangote a Legas mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Kabu-kabu da janareto sun cika gari, gidajen kiwon kaji da turken kiwo suna ƙaruwa a gefensa. Duk alamu hanya ɗaya suke nunawa.

Kuma ƙasar rairayi ba ta da abin riƙe kalsiyom. Abin da ƙasar laka za ta jure shekaru, jigawa ba za ta jure ba. Gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi a Sahel sun nuna cewa zuba takin azot zalla shekara da shekaru, ba takin gida ba kara, yana saka ƙasa tsami har amfani ya koma baya. Binciken makiyaya da aka yi a Mali, wanda aka wallafa a 1982, ya nuna cewa inda ruwan sama ya wuce wajen milimita 300, ƙarancin azot da fosfor ne ke taƙaita ciyawa fiye da ƙarancin ruwa. Mu nan muna samun wajen milimita 500. Ma'ana, dajinmu zai amsa duk ƙarin azot da ya sauka masa, kuma ciyawa ce za ta fara amsawa. A ganina haɗarin yana nan: ciyawa mai kauri tana shanye ruwan da ɗan tsiron itace ke buƙata a shekararsa ta farko, idan ta bushe kuma ta zama abincin gobara. Gawo da bagaruwa da kirya suna da fifiko a ƙasa maras ƙarfi saboda ƙulullukan saiwarsu na kama azot daga iska. Idan azot ya yawaita a ƙasa ƙulullukan sukan ragu, fifikon ya tafi.

Mu mutanen Maradi mun fi kowa sanin yadda daji ke dawowa. Sassaben zamani daga nan ya tashi a shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, da manoman jihar nan suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu tana nan ƙasa. Aka riƙa barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture ana cire sauran. Yau ana maganar wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, yawancinsu a jihohin Maradi da Damagaram. Amma a lura da abin da ya dawo: gawo, ƙalgo, sabara, aduwa, wato masu tohowa daga kututture ko waɗanda dabbobi ke yaɗa irinsu. Kanya da ɗorawa da tsamiya, inda tushensu ya mutu, ba su dawo da yawa haka ba. A burtali da makiyaya kuma, inda garmani ya mamaye saboda yawan kiwo, ba ya tashi don an ce masa ya tashi, sai an tuge shi an sake watsa irin ciyawa. Abin da ya rage da rai a ƙasa shi ne jarin farfaɗowa, a Suwidin ko a Agye.

Abin yi na farko yana hannun manomi, kuma riba ce a gare shi tun kafin a zo maganar daji. Ure da aka watsa a saman ƙasa mai ɗan danshi da zafi yana narkewa ya koma amoniya cikin 'yan kwanaki. A mummunan yanayi kashi ɗaya cikin uku na azot ɗin yana iya tashi, wato kilo 7 zuwa 8 daga kowane buhu, kuɗi ne ya bi iska. Maganinsa a tona rami mai zurfin santimita 5, nesa da gindin hatsi da santimita 5 zuwa 10, a zuba a rufe, a kan ƙasa mai danshi. A raba shi biyu: rabi bayan an cire hatsi a mako na biyu zuwa na uku, rabi idan ya fara kara. Kada a zuba ure cikin ramin shuka tare da iri, yana ƙone tsiro. Wajen shuka, giram 6 na takin 15-15-15 a kowane rami, cikin marfin kwalbar lemo ke nan, ko giram 2 na takin DAP mai yawan fosfor, ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka. A rami 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan na farko ko kilo 20 na biyun. Kuma a tuna fosfor ne ya fi ƙaranci a jigawarmu. Azot ba tare da fosfor ba, hatsi ba zai iya cinye shi ba, rarar ta bi ruwa ko iska.

Takin gida ma haka. Tulin kashin dabbobi da aka bari a rana tun kaka har bazara ya zubar da mafi kyawun azot ɗinsa kafin amalanke ya zo. A tara shi a rami mai zurfin kamar mita ɗaya a inuwa, a shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi a turke don ya tsotse fitsari, domin azot mai saurin tashi a fitsari yake. A rufe da ƙasa ko ciyawa, kuma kada a haɗa toka da ɗanyen taki, toka tana kora amoniya. Idan an kai gona a binne da wuri. Ƙona kara da sassabe kuwa asara ce zalla, kusan duk azot ɗin da ke ciki hayaƙi yake zama. Gidajen kaji manya kada a ba su fili a bakin gandun daji ko kusa da tafkin Madarunfa, kuma a wajabta musu rufe kashin da suke tarawa.

Na biyu aikin hukuma ne da masana, kuma ba shi da tsada. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da cibiyar binciken noma ta ƙasa (INRAN) reshen Maradi da ma'aikatan gandun daji za su iya kafa filayen sa ido na dindindin, a dajin Baban Rafi, a Madarunfa, a gefen gari, da ɗaya a arewa wajen Dakoro don gwadawa. Kowane fili mita 50 sau 50, a kafa ƙarfe a kusurwoyinsa. A ɗora mazurari a kan sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, da kwalba mai duhu a ƙasansa, ɗaya a fili ɗaya a ƙarƙashin itatuwa. A kwashe ruwan bayan kowane ruwan sama, domin idan ya kwana biyu cikin zafi ƙwayoyi suna cinye amoniyar, lissafi ya ɓaci. Samfurin da kashin tsuntsu ya faɗa ciki a zubar da shi. Da rani a rataye ƙananan matatan da ke zuƙar amoniya daga iska, ana canza su duk wata, tunda kaso mai yawa a bushe yake sauka. A watan Satumba, lokacin da ciyawa ta fitar da kai ana iya gane ta, a rubuta duk tsiron da ke filin da ƙananan itatuwan da suka tsiro. Duk shekara biyar a ɗebi ƙasa daga sama zuwa santimita 20, a auna tsami da kalsiyom da fosfor, a busar da ragowar a ajiye cikin kwalba da kwanan wata. A Rothamsted ta Ingila suna da filin ciyawa da ake bi tun 1856 da samfuran da aka adana, da su ne aka iya nuna cewa wasu tsirrai sun dawo bayan azot ɗin sama ya ragu.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne a ɗora shi kan kuɗin wani shiri na shekara uku. Shiri ya ƙare, mazurari ya fashe, a sace ƙarfen kusurwa, wanda ya san wurin a yi masa canjin aiki. Don haka kuɗinsa ya shiga kasafin jiha na kowace shekara, filayen su kasance da sanin mai gari da kwamitin da ke kula da daji, a riƙa biyan wani ɗan ƙauyen da zai kwashe ruwa ya rubuta rana, sakamakon kuma a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon karkara kafin kowace damana.